Ranar da Na Kai Katakon Boka Ajin Lissafi

Masu karatu, na ga saƙonninku. Wata ta rubuto cewa namiji mai shekara hamsin da uku ba shi da hurumin rubuta labarin soyayya, ya nemi benci a coci ya zauna. Wani ya ce in daina tona asirin dangin matata a waya. Na gode muku duka. Ban daina ba.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Sunana Zivengwa, ina koyar da lissafi a wata sakandare da ke bayan garin Gutu. Matata Shuvai ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ciwon daji ne na mahaifa, likitoci suka faɗa, ni kuma na ga yadda ya cinye ta da idona. Ta bar min 'ya ɗaya, Tsungai, shekararta sha bakwai, tana aji huɗu, ajin da nake koyarwa. Akwai kuma Maidei, malamar noma, wadda nake so in aura. Iyakar laifina ke nan.

A al'adarmu, kafin a yi bikin dawo da ruhin mamaci gida, sai dangi sun je wurin boka sun tambayi abin da ya kashe shi. Na ce ba zan je ba. Mutumin da ya yi watanni yana kwana a barandar asibiti ba ya bukatar wani tsoho mai fatar damisa ya gaya masa abin da ya kashe matarsa. Gwaggo Marwei, ƙanwar mahaifin Shuvai, ba ta yi musu da ni ba. Irin matan nan ce da ranar Alhamis za ka gan su cikin jar rigar matan coci da farar hula, suna waƙa har jijiyar wuya ta tashi, ranar Asabar kuma sun tuɓe takalmi a ƙofar boka. Ta jira aka yi hutu, Tsungai ta je Chivi, garin dangin uwarta, gaishe su, ta ja hannunta suka tafi tare.

Saƙon murya ta turo min, da zakara yana cara a bayanta.

"Suruki, mun je mun dawo. An jefa hakata, katakon duban nan guda huɗu, kowane da sunansa. Budurwa ce ta buɗe ita kaɗai, sauran ukun suka kife. Mai gani ya ce ƙafar wata mace ta shiga gidan 'yarmu tun tana da rai, da kwano a hannu. Mu dai ba mu kira sunan kowa ba, kar gobe a kai mu kotu. Kai ka san mai kai muku ganye."

Budurwa. Maidei shekararta arba'in da shida, 'ya'yanta maza biyu sun yi gemu, gwiwarta ta hagu sai ta yi ƙara kafin ta miƙe. Kwanon kam gaskiya ne. Lokacin da cikin Shuvai ya daina karɓar komai, ganyen kabewa da gyaɗa na Maidei kaɗai ke zama. Dangin da suke ƙirga kwanon yau, a lokacin ko ƙwai ɗaya ba su aiko ba. Addu'a suka aiko, ita ma ta waya.

Tsungai ta dawo wata yarinya dabam. Rigar sanyin da Maidei ta saƙa mata, ruwan toka mai maɓalli ja, ta naɗe ta ta ajiye a kan keken ɗinkin uwarta. Ta jawo akwatin ƙarfen Shuvai daga ƙarƙashin gado ta fara jera kayanta a ciki, kaɗan-kaɗan, yadda zan gani. Shanun auren Shuvai na gama biya tun kafin a haifi yarinyar, ba mai ƙwace min 'ya. Amma mai shekara sha bakwai ba a ɗaure ta da shanu.

Ranar Lahadi da rana ta ajiye min tuwon masara da wake, gayansa, ba ganye.

"Ina kabejin da Maidei ta aiko jiya?"

"Na ba kaji."

"Kajin sun mutu?"

Ta ɗago ta dube ni da idon uwarta, irin kallon da ke sa mutum ya duba ko rigarsa a baibai take.

"Baba, idan kun aure ta, ni Chivi zan koma. Gwaggo ta ce akwai makaranta a can."

"Akwai. Malamin lissafinsu ɗalibina ne. Da ƙyar ya tsallake."

"Ba komai."

Ta kwashe kwanonta ta fita. Na zauna da tuwo yana hucewa a gabana. Na karanta littattafan mutanen da suka ɓata rayuwarsu suna faɗa da camfi, na san yadda suka ƙare. Ban taɓa zaton za a ci ni da yaƙi a kan teburin cin abincina ba.

To, zangon nan ne muke lissafin yiwuwa. Ni ba na koyar da shi daga littafi. Littafin da aka ba mu maganar kati yake, da sarki da sarauniya, ga yaran da rabin iyayensu ke ɗaukar kati zunubi. Yana cewa a jefa sulai, a ƙasar da sulalla suka ɓace daga aljihu. Ni marafen kwalba nake kawowa, da wake fari da ja a cikin tsohuwar safa, da ɗan ludo. Yaro ya zura hannu a safa sau hamsin, ya ƙirga jan da ya fito, sannan mu zo kan alli. Dokata ɗaya ce, ba ɗalibina da bai haddace ta ba: kar ka yarda da ni, jefa ka gani.

Na shiga ɗakin kafinta na samu karyayyen benci. Na yanka shi ƙanana-ƙanana, kowane kamar faɗin yatsa biyu, guda arba'in. Na gasa ƙusa a wuta na zana musu fuska a gefe ɗaya, na bar bayan a shafe, yadda hakata take: tsoho, tsohuwa, saurayi, budurwa. Ina yi ina gaya wa kaina darasi nake shiryawa. Ku da kuke karatu kun san ba haka ba ne. Yara arba'in zan tara don in yi wa ɗaya magana.

Da na juye buhun a kan tebur, yara suka miƙo wuya suna kallo. Sai Pedzisai, wanda bakinsa ya fi kansa aiki, ya leƙo daga bencin baya.

"Malam, an kore ku ne kuka buɗe sabuwar sana'a?"

"Zauna."

"Malam, ku duba min ko zan ci jarrabawa."

"Wannan ba sai an jefa ba, Pedzisai."

Aka kwashe da dariya. Wata yarinya 'yar cocin masu fararen kaya ta naɗe hannu ta ce su a cocinsu ba sa taɓa wannan abu. Na ce madalla, ita ce mai alli, ta zo allo ta riƙa jan layi.

Na ɗaga katako ɗaya. "Wannan, faɗuwa nawa gare shi?"

"Biyu! Ko ya buɗe ko ya kife."

"In sun zama biyu fa?"

"Huɗu."

Muka bi su har huɗun, muka jera faɗuwa goma sha shida a allo, ba wadda ta fi wata gata. Na zagaye ɗaya da jan alli: budurwa a buɗe, sauran a kife. Na raba su rukuni goma, kowane rukuni ya jefa sau talatin da biyu. Na ce kafin su fara, su faɗi sau nawa wadda na zagaye za ta zo. Suka raba, suka ce ashirin.

Ɗakin ya kaure da ƙarar katako a kan benci, kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Yara suna ihu, suna hura wa hannu iska, wani yana kiran kakanninsa da wasa, mai alli tana jan layi tana tsaki. Irin wannan safiyar ce ta sa har yau ban bar aikin nan ba. Tsungai kaɗai ba ta jefa ba. Tana bencinta na gaba, da jan siket da farar rigar da ta goge da kanta, kanta a sunkuye tana wani rubutu.

Aka haɗa. Ashirin da biyu.

"Kun gani?" na ce. "Lissafi ya ce ashirin, hannunku ya ce ashirin da biyu. A ɗakin nan, da safen nan, budurwa ta buɗe ita kaɗai sau ashirin da biyu. Wa ya mutu? Mata nawa za mu je mu kamo? Wannan katako jiya benci ne, Pedzisai yana barci a kansa. Bai san sunan kowa ba. Bai san wa ya shiga gidan wa ba. Ba ya ganin kwano, ba ya ganin ƙafa. Faɗuwa yake yi, sai wani mai ciki da yunwa ya zauna ya ba shi baki!"

Sai a lokacin na ji yadda muryata ta kai. Ba mai dariya. Makarantarmu ƙarama ce, gidajen malamai a jere suke kamar haƙora. Ba yaron da bai san wace ce budurwar ba.

Tsungai ta ɗaga hannu.

"Malam." A aji haka take kirana. "Idan faɗuwa ɗaya aka sa wa ido, ta zo sau uku a jere fa?"

"Sai a ninka. Ninka mana."

"Na ninka. Ɗaya cikin dubu huɗu da casa'in da shida."

"Daidai," na ce. Ku dubi wautar uba: har wani daɗi na ji.

"A Chivi sau uku ta faɗi. A jere."

Gwaggo Marwei ba ta gaya min haka ba. Ni kuma ban tambaya ba. Ni da nake ƙwanƙwasa wa yara kai cewa tambayar farko ita ce sau nawa aka jefa, na ji kalmar boka na toshe kunne, na tafi yankan benci.

"Kun ce kar mu yarda da ku," in ji ta. "Mu jefa mu gani."

Me zan ce? Dokata ce. Suka jefa. Wannan karon ba ihu, ba wasa, sai ƙarar katako. Wani rukuni ya samu biyu a jere, na uku ya zo da saurayi. Har aka buga ƙararrawa ba wanda ya ga uku.

Ina da amsa, kar ku ɗauka ba ni da ita. Hannun da ya shekara arba'in yana jefa katako huɗu ya san yadda zai sake su. Tsohon da Gwaggo Marwei ta riga ta zauna da shi ya san labarin kwano tun kafin ya buɗe jakarsa. Lissafinmu na katako ne mai gaskiya a hannu mai gaskiya.

"Wa ya jefa?" na tambaye ta.

"Shi."

"Yaya ya riƙe su? Kin ga yadda ya jera su a tafinsa?"

"Ina wurin, Malam," ta ce a hankali. "Ku ba kwa wurin."

Ta tattara littattafanta ta fita. Sauran suka bi ta a sanɗa, kamar masu barin gidan makoki.

Ban kai ofishin malamai ba wayata ta yi ƙara. Maidei.

"Zo lambu."

Na rubuta: "Ina da aji."

"Ba ka da shi. Na duba. Zo."

Na cusa katako huɗu a aljihu, don in nuna mata yadda hannu ke maguɗi, na tafi. Na same ta tsakiyar kabeji da takalmin roba, ta ɗaura zani a kan rigar aiki, ɗankwalinta ya zame baya, butar ban-ruwa a hannu. Ta gama jiƙa wani kwami, ƙasar ta yi laushi tana sheƙi. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Baban Tsungai, ni ce budurwar da ka zagaye da jan alli?"

"Darasi ne, Maidei."

"Darasi. Tun da aka dawo hutu nake tafiya a makarantar nan ina jin raɗa a bayana. Raɗa ba ta hana ni cin tuwo. Yau ka ɗauke ta ka rubuta a allo, ka sa yara arba'in suna jefa ni a kan benci."

"Ban kira sunanki ba."

"Gwaggo Marwei ma ba ta kira ba. Kun zama ɗaya."

Na sha zagi a rayuwata, daga sufetoci da surukai, amma ba wanda ya taɓa shiga ta kamar wannan. Na ciro katakon na fara bayani: yadda ake jera su a tafin hannu, yadda ake sakinsu ƙasa-ƙasa don kar su juya, yadda kowace faɗuwa da ta zo tsohon zai samo mata mace. Ta bar ni na kai ƙarshe.

"Ni kake gaya wa? Ni na san ban kashe Shuvai ba. Ni na wanke ta ranar da kai ka kasa shiga ɗakin. Yarinya uwarta ta mutu, aka kai ta gaban tsoho ita kaɗai ba uba, aka ba ta wanda za ta tsana. Kai kuma ka zo ka kunyata ta a gaban 'yan ajinsu, kana jira ta ce maka na gode. Ba ni katakon nan."

Ta fizge katakon daga hannuna. Sai na ji takun takalmi a bayana. Tsungai ce. Ashe Maidei ta aika a kira ta. Ta tsaya a bakin shinge, ta ɗan rusuna ta tafa hannu sau biyu don ladabi, ba ta dubi kowa ba. Tun da ta dawo daga Chivi ba su tsaya wuri ɗaya ba sai yau.

"Tsungai, matso," in ji Maidei. "Ba zan rantse miki ba, na san an ce miki mai irin wannan hali ba ta jin rantsuwa. Ubanki ya ce hannun tsohon ne ya yi maguɗi. Ke kin ce ba haka ba. To ga katako. Zan jefa sau ɗaya a gabanki. Idan budurwa ta buɗe ita kaɗai, zan nemi canjin makaranta in bar miki ubanki. Idan wata faɗuwar ce, ban ce ki so ni ba. Ki kwance akwatin nan, ki daina ba kaji abincina."

"Wannan hauka ne," na ce. "Jifa ɗaya ba ya tabbatar da komai. Ko ta zo ko ba ta zo ba, ba abin da..."

"Yi shiru, Baban Tsungai. Ka riga ka yi naka darasin."

Tsungai ta dubi katakon.

"Idan hannunku ne, Malama, Gwaggo za ta ce kun juya su. Ni zan jefa."

Maidei ta zuba mata su a tafi.

Masu karatu, da safe na tsaya ina daka wa yara tsawa cewa ɗaya cikin sha shida ba komai ba ne, abu ne da ke zuwa kullum. Gaskiya na faɗa, shi ya sa tsoro ya kama ni. Da za a ce min motar da zan shiga tana kifewa sau ɗaya cikin sha shida, da ƙafa zan tafi Gutu. Ga matar da nake so ta ɗora kanta a kan wannan, ga 'yata tana girgiza katako a hannu, ni kuma an ce in yi shiru.

Ta watsa su sama, sama sosai, yadda ba mai cewa an yi maguɗi. Suka zubo a kan jiƙaƙƙen kwamin.

Budurwa ta buɗe. Tsoho ya kife. Saurayi ya kife.

Tsohuwa ta zo ta gefe ta cake a cikin taɓo, a tsaye. Ba ta buɗe ba, ba ta kife ba.

Idan ta faɗa gaba, na rasa Maidei. Idan ta faɗa baya, akwatin ƙarfe ya koma ƙarƙashin gado. Na jera faɗuwa sha shida a allo na ce wa yara ba wata bayansu, ga ta sha bakwai tana kallona daga cikin kabeji.

Tsungai ta tsuguna, siket ɗinta yana shan taɓo. Ta daɗe tana kallon katakon. Sannan ta miƙa yatsa ɗaya, a gabanmu, ba ɓoyo, ta tura shi baya. Tsohuwa ta kwanta fuskarta a sama.

Na buɗe baki. Shekara talatin na koyarwa ne suka buɗe shi, ba ni ba. Zan ce wannan jifa bai ƙirgu ba, a ƙa'ida sai an sake. Sai na ji takalmin roba a kan yatsun ƙafata, da dukkan nauyin malamar noma a kai. Na rufe.

"Ba budurwa kaɗai ba ce," in ji Tsungai, tana goge yatsa a siket.

"Na gani."

"Ban ce na yarda da komai ba, Malama."

"Ban tambaye ki ba. Ɗauki kabeji biyu ki kai gida."

Ta ɗauki ɗaya. Ta wuce ta gefena ba ta dube ni ba, ta bi hanyar gidajen malamai da shi a ƙugu.

Kuna jira in ce na ji daɗi. Haushi na ji. Na yanka benci, na ƙona yatsa da ƙusa, na kawo hujjar da ba mai iya karya ta, ba ta motsa yarinyar nan ko taƙi ba. Taɓo da yatsa suka yanke shari'ar, ni da ilimina muna tsaye a gefe an take mana ƙafa. Na fara gaya wa Maidei haka, tana wanke hannu a butar tana min kallon da ake yi wa akuyar da ta shiga coci, sai wayata ta sake ƙara.

Saƙon murya. Gwaggo Marwei. Ashe labari ya riga ya isa Chivi, don cikin yara arba'in ba a rasa mai waya da kaka. Na danna, muka saurara tare.

"Suruki, sannu da aiki. An ce ka sassaƙa hakata kana duba da 'ya'yan mutane. Madalla. Ashe ba ƙin abin kake ba, kishi kake. Na kai wa mai gani labari, ya ce tunda kai ma ɗan sana'a ne, ba sai ka wahala ba, shi zai zo ranar Asabar ya zauna a tsakar gidanka, ka jefa naka ya jefa nasa, Tsungai ta ga na gaskiya. Ni ma ina tafe, da motar da za ta ɗauki akwati. Ka tanadi tabarmi. Ka kuma ce wa mai ganye ta zo."

Na tsaya da waya a hannu. Maidei ta yarfe ruwan hannunta, ta gyara ɗankwali, ta sunkuya ta tsince katakon huɗu daga taɓo ta zuba min a aljihun riga, da taɓon da komai.

"Ka ce mata zan zo," in ji ta. "Amma a ajiye min kujera. Gwiwata ba ta zaman tabarma."